Katin da Aka Sa wa Leda

Saura kwana tara Auta ta hau jirgi, amma duk wanda ya kalli mahaifinta sai ya ce shi ne ya je ya dawo, kuma a ƙafa. Mako biyar ke nan yana bin ta daga wannan ofis zuwa wancan: wajen fasfo, wajen biza, asibitin rigakafi, ofishin mai tikiti. Ba ita ta ce ya raka ta ba. Sau nawa tana cewa, "Baba, ka zauna a shagonka, zan iya," shi kuma ya ce ai hanyarsa ce. A mako biyar ɗin nan babu lungun garin da bai zama hanyarsa ba. Ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa sun faɗa, har sai da ya ƙara huda a bel ɗinsa.

Shagon nasa ɗan ƙarami ne, a layin da ke bayan kotu, tsakanin wani tela da mai yanka makullai. Injin fotokwafi ɗaya ne a ciki, sai wani ƙaramin inji da ke liƙe takarda a cikin leda da zafi, ta fito da ƙyalli, ta yi tauri kamar faranti. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, har mutane suka manta da sunansa suka koma kiransa Mai Leda. Shi a wurinsa, takardar da ba ta da leda tsirara take yawo. A gidansa babu wadda ta tsira: takardun haihuwar yara, sakamakon jarrabawa tun na firamare, har takardar da likitan ido ya rubuta wa matarsa. Ita matar takan ce, "Duk ranar da na kuskura na yi gyangyaɗi a shagonka, na san a cikin leda zan farka."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, ita kaɗai ta rage a gida. Ta karanci cututtukan tsirrai, kuma wata cibiyar bincike da ke can wani tsibiri mai nisa ta ba ta gurbin shekara biyu, ta je ta yi aiki a kan ciwon ayaba. Ranar da ta faɗa masa ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ayaba ma ciwo take yi?" Cibiyar ta rubuto a fili cewa duk wanda bai bayyana ba kafin ƙarshen Asabar ɗin makon da aka sa, za a ba na bayansa gurbin. An yankar wa Auta tikitin ranar Litinin ta wannan makon. Abu ɗaya ne ya sa uban yake iya runtsawa: malamarta ta jami'a, wata dattijuwa da ta saba hawa jirgi, za ta je taro a cibiyar, kuma jirgi ɗaya za su hau. Sauka ɗaya ce a hanya, jiran awa bakwai a wani katafaren filin jirgi, kuma duk awa bakwai ɗin Auta tana gefen malama. Sau uku yana zuwa gidan malamar yana ba ta amana, har a na ukun ta ce masa, "Malam, ka ba ni ita tun zuwan farko. Ban mayar maka ba."

Maƙwabcinsa tela kuwa bai taimaka ba. Yana da suruki da ya yi aikin jirgin ruwa, saboda haka shi ma ya zama masanin tsibirai daga kan kekensa.

"Can fa ruwa ba sauka yake yi ba, zama yake yi," in ji Tela, yana taka keke. "Wata goma a shekara. Ka ajiye takalmi yau, jibi ka tarar ya fitar da gashi. Surukina ya ce gishiri ma ruwa yake zama a kwano."

"Takarda fa?"

"Takarda? Mako guda ta zama kamar burodin da ya faɗa cikin shayi."

Maganar ta sami wurin zama a ƙirjin Mai Leda.

Ranar Asabar da hantsi, ana saura kwana taran nan, Auta ta shigo shagon da babban ambulan. Ta zazzage takardun a kan tebur: fasfo, wasiƙar cibiya, takardar tikiti, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda mai tikiti ya ce ko da wasa ba a shiga ƙasar sai da shi.

"Kwafi uku-uku, Baba. Ranar Litinin in za ka wuce sai ka kai wa mai tikiti ya yi dubawar ƙarshe, ni ina makaranta ranar." Ta ɗan tsaya, ta kalli ƙaramin injin da ke kusurwa, ta kalle shi. "Kwafi kawai, Baba."

"Ni za ki koya wa aiki? Je ki, uwarki na jiran ki a kasuwa."

Ya yi kwafin, uku-uku, ya jera su. Ya mayar da fasfo cikin ambulan. Shi wannan yana da bangonsa, ba abin da zai same shi. Da ya zo kan katin rigakafin sai hannunsa ya tsaya. Ɗan kati ne mai ruwan ɗorawa, ninki biyu, takardarsa sirirya kamar ta naɗe magani. An rubuta ranar allurar da biro, an manna 'yar lambar kwalbar, likita ya sa hannu, an buga hatimi. Ya ɗora babban yatsansa a gefen hatimin, da ya ɗaga sai ya ga ɗan shuɗi a fatarsa. A nan ma ke nan, inda ko gumi ba ya daɗewa a jiki. To ina ga ƙasar da gishiri ke narkewa? Ya hango Auta tsaye a gaban wani jami'i da ba ya jin yarenta, tana miƙa masa wani abu jiƙaƙƙe da ba a iya karantawa.

Ya kunna injin. Ya jira fitilar ta koma kore. Ya buɗe katin ya shimfiɗa shi sosai a cikin leda mai kauri, irin wadda yake ajiye wa takardun fili, ya tura. Katin ya fito da ɗumi, sumul, babu ko kumfar iska ɗaya. Ya gyara gefunan da almakashi, ya zagaye kusurwoyin don kada su yanke ta. Rabon da ya ji daɗin wani abu haka tun ranar da wasiƙar cibiyar ta zo. Ya sa shi a can ƙasan ambulan, yana ayyana yadda watarana za ta bugo waya ta ce, Baba, na kowa ya lalace sai nawa.

Ofishin mai tikiti yana hawa na uku, kuma benen ba shi da lif. Ranar Litinin Mai Leda ya isa sama yana haki, ya zauna ƙarƙashin fanka ya miƙa ambulan. Mai tikiti mutum ne mai saurin baki, kullum da waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ya duba fasfo, ya duba wasiƙa, yana gyaɗa kai. Da ya zaro katin sai ya ce wa na cikin wayar, "Zan kira ka," ya ajiye ta.

"Baba, wa ya yi wannan?"

Yadda ya yi tambayar ne ya sa bakin Mai Leda ya riga hankalinsa. "Wani mai shago ne can wajenmu."

"Wane jakin mai shago ne wannan? Kai! Mutanen nan in ka ba su jaririnka ma sai su tura shi cikin inji." Ya ƙwanƙwasa katin a kan tebur, ya yi ƙara kamar murfin tukunya. "Ka ji fa? Wannan kati ne ko tire? Baba, ka gaya masa in ji ni, ya koma sayar da gawayi."

"Amma ai ana karanta komai," in ji Mai Leda a hankali. "Dubi, ko kumfa babu."

"Kumfa? Ana maganar tafiya kana maganar kumfa! Jami'in can so yake ya taɓa takarda, ya shafa hatimi, ya ga ba a kankare komai ba. In ya ga leda, a wurinsa an ɓoye wani abu ne. Na taɓa ganin wanda aka mayar daga bakin jirgi a kan irin wannan. Wani kuma ya wuce, ban ce maka ba a wucewa ba. Amma ni ba zan tura 'yar mutane rabin duniya a kan wataƙila ba. Ku koma asibitin su ba ta sabo. Yau saura kwana bakwai, kada ku yi wasa."

Saukowa daga benen ta fi hawansa wuya.

Bai tafi asibiti ba, shago ya koma. A ransa yana cewa abin da hannu ya liƙe, hannu zai iya ɓarewa, ko da yake ya fi kowa sanin ba haka ba ne. Da bakinsa yake gaya wa masu kawo aiki cewa ledarsa ba ta sakin takarda har abada. Ya rufe ƙofa rabi, ya yanke gefen ledar da reza, ya nemi bakinta da farce. Ta ƙi. Ya leƙa ya ari dutsen gugar Tela, sai ga Tela ya biyo dutsensa.

"Me kake gogewa a shagon takarda?"

Ya nuna masa. Tela ya karɓa, ya juya, ya yi fito. "Aiki ya yi kyau kam."

"Kyan ne matsalar. Kai ka ce takarda tana zama burodi."

"Ni surukina na ce ya ce. Ban ce ka gasa katin yarinya ba."

Suka shimfiɗa ƙyalle a kai, suka ɗora dutse. Ledar ta yi laushi, bakinta ya ɗan buɗe. Mai Leda ya kama da yatsu biyu yana ja a hankali, yana riƙe numfashi. Ta taho, ta taho, har ya fara jin sanyi a ransa. Sai ya lura ba ita kaɗai take tahowa ba. Fuskar takardar ce ta biyo ta, da ranar allurar, da lambar kwalbar, da rabin hatimin. Abin da ya rage a kan tebur wani fari-farin abu ne mai gashi-gashi, kamar bangon da aka ɓare wa hoto.

Tela ya ɗauki dutsensa. A bakin ƙofa ya ce, "Ka gaya mata yau."

Da yamma suna cin abinci Auta ta tambaya, "Baba, me mai tikiti ya ce?"

"Ya ce komai daidai."

"Ambulan ɗin fa?"

"Yana shago, a kulle. Ya fi tsaro a can."

Uwar ta kalle shi ta saman gilashinta, sannan ta kalli kwanonsa da bai taɓa ba. Shi kuwa ya riga ya tsara: gobe da sassafe zai je asibitin shi kaɗai da kwafin da ya yi, ya karɓo sabon kati, ya sa a ambulan. Ba wanda zai sani sai shi da Tela.

Ranar Talata tun ƙarfe bakwai yana kan bencin asibitin rigakafi, amma ya tarar da mutum goma sha tara a gabansa. Layi na matsawa kamar ba ya so. Akwai wata mata da tagwaye, da wasu 'yan ƙwallo su shida da za su je wasa waje suna ta tsokanar wanda ke tsoron allura a cikinsu. Sai goma da rabi ya isa gaban tebur. Sistar da ke wurin babbar mace ce mai furfura a gefen kai, ta gane shi.

"Baban mai ayaba! Ba kai ne ka tambaye ni sau huɗu ko allurar za ta sa ta zazzaɓi ba?"

Ya ajiye mata gawar katin da kwafin. Wannan karon bai ce wani mai shago ne ba, ya gaji da ƙaryar tun kafin ta yi kwana biyu. Ya ce, "Ni na yi. Sana'ata ce."

Ta daɗe tana kallon abin, ta cije leɓe don kada ta yi dariya. "Allah ya taimake ka ka yi kwafi kafin ka yi ɓarnar. Ga lambar nan, zan same ta a rajista. Sabon kati ba wuya. Ina mai katin?"

"Tana gida. Na ce ko za a ba ni in kai mata."

"A'a, Baba. Ita za ta zo da fasfonta, ta sa hannu a gaban likita, shi ma ya sa nasa. Kuma ka ji da kyau: likitan da ke da hatimin nan ranar Talata kawai yake zuwa mana, sha biyu na bugawa yake tafiya wani asibitin. Kira ta yanzu. Yaushe ne tafiyar?"

"Litinin."

"To kira ta yanzu-yanzu."

Ya fita baranda ya ciro waya. Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura kwata. Daga gida zuwa nan rabin awa ne a tasi, fasfon kuma yana aljihunsa. Lokaci ya isa, har da saura. Ya nemo lambarta, ya tsaya yana kallon ta. Me zai ce? Yarinyar da ta kalli idonsa ta ce kwafi kawai. Yarinyar da ya ce wa komai daidai jiya-jiyan nan. Ya mayar da wayar aljihu, ya koma ciki ya roƙi Sista ko za ta shigar da shi wurin likita ya yi masa bayani, uba da uba. Ta ce likitan ba ya sa hannu a kan wanda bai gani ba, ko 'yarsa ce. Ya tsaya a bakin ƙofar likitan duk da haka, yana jiran ta buɗe. Da ta buɗe, wani ne ya fito, wani ya shiga, aka rufe.

Sha ɗaya da minti ashirin da biyar ya kira.

"Auta, kina ina?"

"Ina wajen masu gidan sauro, Baba, can bayan tasha. Lafiya?"

Bayan tasha. Ƙarshen gari ke nan. Ya rufe ido. "Ki bar komai ki hau tasi ki zo asibitin rigakafi. Katinki ne. Na sa masa leda."

Yana jin hayaniyar kasuwa a bayanta. Sannan ta ce, "Ga ni nan," ta kashe.

Ya tsaya a bakin ƙofar asibitin yana leƙen kowace tasi. Sha biyu da minti biyar wani siririn mutum da jaka ya fito ta ƙofar gefe, ya shiga wata farar mota. Mai Leda ya bi motar da sauri yana ɗaga hannu, yana kiran "Likita! Likita!" Gilashin a rufe yake. Motar ta hau titi ta tafi. Sha biyu da minti ashirin Auta ta sauko daga tasi, da gidan sauro naɗe a hammatarta.

Sista ta yi abin da za ta iya. Ta nemo lambar a rajista, ta cike sabon kati da ranar allurar ta asali, ta sa shi a aljihun teburinta ta kulle. Ta buga wa ɗaya asibitin waya, aka ce hatimin na asibitin rigakafin ne, ba ya fita, likitan kuma ba zai dawo ba sai Talata. "Talata ƙarfe takwas ki zo, ke ce ta farko, ko layi ba za ki bi ba," in ji ta. "Abin da ke hannuna ke nan, 'yata."

Talata. Kwana ɗaya bayan jirgin ya tashi da malama.

A cikin bas Auta ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Shi da ta yi faɗan ma da ya fi masa. Sai da suka kusa sauka ta ce, tana kallon taga, "Ƙarfe nawa Sista ta ce ka kira ni?"

Ya yi niyyar rage jinkirin da ya yi, ya ga ba shi da ƙarfin ɗaukar wata ƙaryar. "Sha ɗaya saura kwata."

"Lokacin ina gida," in ji ta. "Sha ɗaya na fita."

Ta ci gaba da kallon taga.

A gida uwar ce ta yi maganar da 'yar ta ƙi yi. Ta saurari labarin tun daga burodin Tela har zuwa farar motar, tana tsintar shinkafa a tire, ba ta ɗago ba. Auta ta shige ɗaki don ta rubuta wa malama.

"Baban Auta, in tambaye ka mana. Kai dai ba ka so yarinyar nan ta tafi, ko?"

"Wace irin magana ce wannan? Wa ya yi mako biyar yana hawa bene?"

"Na ga hawan benen. Ledar ma na yafe maka, ciwonka ne, da shi na aure ka. Minti arba'in ɗin nan nake tambaya. Waya a hannunka."

Kunya ce, ya sani. Amma da yake tsaye a barandar nan, akwai wani ɗan wuri a can ƙasan ransa da ya yi shiru, ya kwanta, kamar yadda jiki ke yi in an ce an ɗage wata tafiya mai wuya. Bai kira abin da suna ba a lokacin, yanzu ma bai so ya kira shi. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Na gaji ne kawai."

"Duk mun gaji," in ji ta, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Ita ce dai za ta biya gajiyar."

Ranar Laraba suka hau benen mai tikiti su biyu. Auta ce ta yi bayani, a taƙaice: kati sai Talata, gurbi kuma yana rufewa ranar Asabar. Mai tikiti ya riƙe kai. Ya fara cewa, "Wannan mai shagon dai—" sai Mai Leda ya ce, "Ni ne mai shagon." Mutumin ya kalle shi, ya kalli Auta, ya jawo kwamfutarsa kusa ya shiga danne-danne da ƙwazon da ba a tambaye shi ba.

"Jirgin da ya fi sauƙi Litinin ne kawai da Asabar. Na Asabar zai kai ta Lahadi, an rufe ke nan. Bari mu ga ta wata hanyar." Ya yi ta dannawa. "Laraba babu kujera. Alhamis... akwai wani, amma zagaye ne. Sauka biyu. A ta farko jiran awa tara, a ta biyu kuma sai ta ɗauki kayanta da kanta ta canza gini, minti tamanin kawai tsakani. In ta kama shi, Asabar da asuba tana can. In ya kuɓuce mata..." Ya buɗe tafin hannu.

"Babu wani da ka sani a jirgin?" in ji Mai Leda. "Ko wata mata haka, mai hankali, da za a haɗa su?"

"Baba, jirgi ne, ba motar unguwa ba."

"Nuna mini taswirar filin na biyu," in ji Auta. Ta jawo kujerarta ta zagaya gefen teburin. Ta ciro biro da ɗan littafi. Ta tambayi ta wace ƙofa ake fitowa, ina ake ɗaukar kaya, motar da ke kai mutane ɗaya ginin duk minti nawa take zuwa, in ta rage kayanta zuwa jaka ɗaya ta hannu fa, zai rage mata lokaci? Mai tikiti ya gyara zama, ya fara amsa mata kamar yadda ake amsa wa abokin aiki.

Mai Leda ya so ya sa baki. Yana da tambayoyi, sun kai goma: in ta yi barci a jiran awa taran fa, in aka sace jakar fa, in ba su jin abin da take faɗa fa. Ya jingina da bango yana jiran su ɗan tsagaita ya shiga. Fankar tana juyawa a kansa. Muryoyinsu suna tafiya, ƙofa ta kaza, gini na kaza, suna nisa, suna nisa. Ƙafafunsa da suka yi mako biyar suna zafi suka yi shiru.

"Baba. Baba, tashi mu je."

Ya buɗe ido. Rana ta matsa daga kan tebur ta koma bango. Hularsa tana ƙasa, wani ya ɗora masa ita a kan takalmi don kada a taka. Mai tikiti yana waya da wani, da ya ga ya farka sai ya ɗaga masa hannu.

"Sai mu yanke shawara," in ji Mai Leda, yana goge baki. "Wannan na Alhamis ɗin, ni ina ganin—"

"An yanka, Baba. Tun ɗazu."

"An yanka?"

"Kujera ɗaya ta rage. Na ce kada a tashe ka."

Ya zauna yana kallon ta. Ta riga ta rataya jakarta, sabuwar takardar tikitin tana ninke a hannunta.

"Sauka biyu," ya ce.

"Biyu."

"Ke kaɗai."

"Ni kaɗai. Zan kira ka daga kowace, in dai ka yi alkawarin ba za ka tsaya kallon wayar ba sai ta katse."

Bai san ko wasa take yi ba, ita ma da alama ba ta gama sani ba. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya dafa bango ya miƙe. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. A bakin benen ta wuce gaba, tana sauka da sauri kamar yadda take yi tun tana ƙarama, shi kuma yana bi a hankali, hannu a kan ƙarfe, taka ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai hawa na biyu ba ya ganin ta, sai ƙarar takalminta a ƙasa. Ya tsaya ya huta. Ƙarar ma ta tsaya.

"Baba, kana tafe?"

"Ina tafe," ya ce. "Ki je, kada ki jira ni. Ki tsayar mana da bas."